Amsa ga Alhajin da Ya Tambaye Ni Ina Ƙarancin Malamai Yake

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

A gidan rediyo ka ƙalubalance ni: tunda Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato na yaye masu NCE (takardar shaidar malanta) kowace shekara, ina ƙarancin malaman da nake ta kururuwa a kai? Har ka ƙara da cewa kwangilar shirya bita nake farauta. Wannan kam na bar maka. Sakkwatawa sun san masu zagaya ofisoshi da fayil a hammata.

Mai NCE ba ya zama malami sai an ɗauke shi aiki. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuɗin UBEC (hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya) kuwa galibi gini da kujeru suke tafiya. Shi ya sa za ka ga aji da sabon fenti, allo tas, ba mai riƙe alli. Wanda ya yi ritaya ko ya rasu, gurbinsa sai ya daɗe a buɗe.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makaranta mai yara 420 ke nan tana bukatar malamai 12. A ce uku gare ta, har da hedimasta. Dole a gwama aji ɗaya zuwa uku a ɗaki guda, malami ya koma karantarwar amshi: ya faɗa, su maimaita. Ba mai duba littafin yaro ɗaya bayan ɗaya, ba mai gane wanda bai bambance "b" da "d" ba. Haka zai kai aji huɗu, alhali ko Hausa bai iya haɗa baƙi ba, balle Turanci. Inda babu malama ko ɗaya kuwa, yarinya na fara tasawa iyaye ke janye ta. A ƙasar Nana Asma'u fa, wadda ta riƙa tura jajis, wato malamai mata da ta horar, har ƙauyuka su karantar da mata!

Ka ce takardar albashi cike take da sunaye. Gaskiya ne. To a tura malami ƙaramar hukuma mai nisa irin Gudu ko Kebbe, kafin wata ya ƙare takardar wani babba ta dawo da shi cikin gari. Na Isa da Sabon Birni, inda ake fama da 'yan bindiga, ba na ganin laifinsu, rai ya fi albashi. Amma masu rubuta irin waɗannan takardu, ina jin ka fi ni sanin su.

Tunda kana da fada a sama, sa baki a wallafa yawan malamai da ɗalibai, makaranta bayan makaranta, a ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato. Sai mu koma rediyon da takardar a hannu.

Wassalam.