A Kwafi Bayanan Kasuwanci Kafin Faifan Kwamfuta Ya Mutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu ƙananan sana'o'i a Sakkwato, musamman masu kantin magani da shagunan buga takardu, waɗanda suka jingine littafin bashi suka koma rubuta komai a kwamfuta.

Faifan ajiya na cikin kwamfuta yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan, haɗe da ɗaukewar wuta ba zato, suna rage masa kwana. Idan ya fara ƙara ƙas-ƙas, ko kwamfuta ta riƙa sandarewa wajen buɗe fayil, a kashe ta a kai wa masani, domin ci gaba da kunna ta yana ƙara karce faifan, ceto bayanai daga karcaccen faifai kuwa aiki ne mai tsada wanda ba kullum ake dacewa ba.

Shawarar masana ita ce a mallaki kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wajen shago. Wannan na ƙarshen ne mutanenmu suka fi sakaci da shi, alhali filashin da aka bari a aljihun tebur tare da kwamfuta, gobara ko ɓarawo ba za su ware shi ba. Domin kwafin wajen shago, Google Drive, wato ma'ajiyar kamfanin Google da ke kan intanet, yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi lissafin yawancin shaguna.

A riƙa kwafa kullum kafin a rufe shago, sannan lokaci-lokaci a buɗe kwafin a wata kwamfutar a tabbatar yana aiki.

Wassalam.

Mai karatunku,
Mabera, Sakkwato