Wasiƙa Zuwa ga 'Yata a Kan Ciwon da Ke Biyo Bayan Gashin Ƙashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kin tashi da sauƙi, na zaɓi in rubuto miki ne saboda daren Talata kuka bai bar ki kin saurare ni a waya ba, ni ma kuma ban iya haɗa maganar yadda nake so ba. Kin ce kin daina zuwa gashi, wato motsa jikin da ake sa ki yi a asibiti saboda ƙugunki, tunda duk ranar da aka yi miki sai ki kwana biyu ba ki iya taka ƙafar hagu. Ban ga laifinki ba, amma ina roƙon ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Akwai laifin da zan fara ɗauka a kaina. Tun kina ƙarama, idan sikila ta motsa miki kika cije leɓe ba ki yi kuka ba, nakan yabe ki a gaban mutane in ce yarinyar nan akwai dauriya, har kika tashi kina ganin faɗin ciwo gazawa ce. Gwaggonki ta gaya mini cewa idan likitar gashi ta tambaye ki ko da zafi, sai ki ce babu komai, alhali gumi yana keto miki. Ita kuwa ba a jikinki take ba, da abin da bakinki ya furta take auna nauyin da za ta ɗora miki. Kin ce babu komai, ta ƙara, kin dawo gida kin kwanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kunyar da na koya miki ba ta da wurin zama a wannan ɗaki.

Ki tuna bayanin da aka yi mana a asibitin ƙashi na Dala ranar da aka duba hoton ƙugunki. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje sun toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, shi ya sa ya yi rauni. Gashi ba zai mayar da ƙashin sabo ba, aikinsa shi ne ya ƙarfafa tsokar da ke kewaye da gaɓar domin ta rage mata kaya, ya kuma hana ta sandarewa. Tsokar da ta yi watanni ba ta aiki dole ta yi tsami idan aka tashe ta. Wannan tsamin ba ya zuwa nan take, yakan fara bayan wasu sa'o'i, ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya lafa, kuma za ki gane shi da cewa ya fi damun ki a motsin farko, idan jiki ya ɗumama sai ya sassauta.

Sauran ciwo biyun ne nake so ki raba su da shi. Idan kika ji suka mai kaifi a matsematsi lokacin da kika ɗora nauyi a kan ƙafar, gaɓar ce da kanta take ƙara, sai ki tsaya a nan ki faɗa, kada ki ƙarasa lissafin motsin da aka ba ki. Shi kuwa tashin sikila kin fi ni saninsa: yana cin ƙashi daga ciki, ba ruwansa da ko kin kwanta ko kin zauna.

Ki samu ɗan littafi. Kafin a fara gashi ki rubuta ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, ki sake rubutawa da kin gama, da lokacin kwanciya, da kuma washegari. Idan zuwa washegari warhaka ya koma inda yake, aikin ya yi daidai da ƙarfinki. Idan ya zarce haka, abin da ake yi shi ne a rage yawan motsin ko nauyinsa, ba a watsar da shi gaba ɗaya ba, kuma littafin nan zai yi miki maganar da bakinki ke jin nauyin yi.

Na san ƙawayenki za su ce ki ɗora ƙanƙara, domin haka ake yi wa 'yan ƙwallo. Kada ki kuskura. Sanyi yana matse hanyoyin jini, ga mai sikila kuwa kiran ciwo ne da hannu biyu. Ɗumi ne naki: tawul da ruwan ɗumi na kamar minti 15 zuwa 20, ba mai ƙuna ba. Ki sha ruwa sosai kafin ki tafi da bayan kin dawo, balle yanzu da hunturu ya kama, iska tana busar da mutum ba tare da ya ji ƙishirwa ba. Ki ɗumama ruwan alwalar asuba. Ranar da ƙugun ya matsa ki yi salla a zaune a kan kujera, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa marar lafiya wannan rangwame. Tsugunno da zama a tabarma ki bar su tukuna, masu tausa da masu ƙaho kuma a ba su haƙuri.

Maganar magani ita ce ta fi hana ni barci. Ki tsaya a kan abin da likitanki ya rubuta. Diclofenac da ibuprofen suna kwantar da ciwo, amma yawan shan su yana cin ƙoda da ciki, ƙodar mai sikila kuwa dama a wahale take. Allurar kashe ciwon nan ta penta da ake yi wa mutane a kemis ba tare da takardar likita ba, na ga yaran da suka fara ta don ciwo na gaskiya suka kasa rabuwa da ita, har cinyoyinsu suka zama gyambo. Idan maganin da ke hannunki bai isa ba, ki koma ki ce bai isa ba.

Halinki kuma na san shi. Ranar da kika tashi garau sai ki wanke kayan mako guda, ki jingine sandar dogarawa don kada 'yan ajinku su gani, ki shiga Kantin Kwari ki zaga, sannan ki ɗora wa gashi laifin kwanciyar da ta biyo baya. Ki raba aikin gida-gida, ki huta tun kafin ki gaji, ranar gashi kuma kada ki haɗa ta da wata doguwar tafiya a adaidaita sahu.

Idan zafin jikinki ya kai 38, ko kika ji ciwon ƙirji ko numfashi yana yi miki wuya, ko wani ɓangare na jiki ya saki, ko ciwon ya ƙi jin maganin gida, wannan ba tsamin tsoka ba ne. Ki tashi gwaggonki ko da ƙarfe biyun dare ne ku tafi asibiti.

Ranar Alhamis babanki zai aiko miki da robar ɗumama jiki da ma'aunin zafi da safa masu kauri. Ranar Litinin ki koma gashi da littafinki a hannu, ki gaya wa likitar abin da kika gaya mini daren Talata ba tare da kin rage komai ba, da kin fito kuma ki kira ni in ji yadda kuka yi. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Mahaifiyarki.