Maikro-RNA da maganar cewa mai jinin AS ba ya zazzaɓin cizon sauro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan maganar da ta yaɗu a bakin jama'a, cewa mai jinin AS ba ya kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma an yi mata ƙarin gishiri. Wani ɓangare na gaskiyar yana da alaƙa da wasu 'yan ƙananan sinadarai da ke cikin ƙwayoyin jiki, waɗanda ake kira maikro-RNA.

A 2024 aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, saboda gano maikro-RNA da suka bayyana tun 1993 a jikin wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya. Waɗannan guntayen saƙonni masu haruffan gado kusan 22 ba sa samar da furotin da kansu. Aikinsu shi ne su manne wa saƙon da ƙwayar gado ta aika, su hana a yi aiki da shi. Idan suka samu tangarɗa cuta na iya biyo baya, kamar yadda aka gani a 2002, lokacin da aka tarar wasu maikro-RNA biyu, miR-15 da miR-16, sun ɓace a wani nau'in sankarar jini.

Wanda ya fi shafarmu shi ne miR-451, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. A 2012 masu bincike a Jami'ar Duke suka nuna cewa ya fi yawa a jinin masu AS da SS, kuma idan ƙwayar maleriya ta shiga jar ƙwayar jinin, sai shi ma ya kutsa cikinta, ya haɗe da saƙonninta, ya rage mata ƙarfin yin furotin, girmanta ya ja baya. A ɗakin gwaji aka ga haka, kuma dalili ɗaya ne cikin dalilai da dama na kariyar da mai AS ke samu.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, mai AS ya fi samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, amma yana kamuwa. Shi kuwa mai SS, maleriya na iya tayar masa da ciwon sikila har ta kai ga rasa rai. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, abin yana damuna ƙwarai in ji uwa ta bar yaro ba gidan sauro don ta dogara da jininsa.

Ina roƙon ka gayyato likitocin jini su yi wa masu karatu wannan bayani da Hausa kafin damina ta kankama.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya