Kamfanin ya durƙushe, kuɗin manoma na wuyana

Assalamu alaikum Barista,

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen shanshera a hannun manoman Kura da Bunkure ina kai wa wani kamfanin casar shinkafa a Kano. A kan amana muke tafiya: in sauke kaya, su ba ni takardar shaida, su biya daga baya. Tun kakar bara suka soma jan ƙafa. Yanzu an garƙame masana'antar, an ce bankin da ke bin su bashi ya naɗa wakilinsa ya riƙe kadarorin.

Wani lauya ya ce min a dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, duk wanda yake bin kamfani bashin da ya kai adadin da aka ƙayyade zai iya rubuta takardar neman haƙƙinsa. In mako uku suka wuce ba a biya ba, sai ya je Babbar Kotun Tarayya ya nemi a rushe kamfanin a sayar da kayansa. Na ji daɗi, sai ya ƙara da cewa banki mai riƙe da jingina shi ke fara ɗauka, albashin ma'aikata da haraji su biyo baya, irina kuwa sai abin da ya rage. Ma'aikata ban ja ba, guminsu ne. Amma banki da ya ci ruwa shekara da shekaru ya sha gaban manomin da ya ba da abincin gidansa, wannan ya tsaya min a rai.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, mai kamfanin yana nan cikin gidansa da motocinsa, wai a doka shi daban kamfani daban. Ni kuwa manoma ni suka sani, kullum suna ƙofar gidana, wasu da kuɗin nan za su sayi takin noman rani.

Barista, in shigar da ƙarar, ko in kai takarduna wurin wakilin bankin in jira? Akwai halin da doka ke taɓa dukiyar mai kamfani, musamman in ya karɓi kaya alhali ya san ba zai iya biya ba? Sannan buhunan da na kai na ƙarshe suna nan a sito ba a casa ba, da tambarina a jiki. Ina da ikon kwashe su kafin a haɗa da su a gwanjo?

Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
daga Kano