Fim ɗin da 'yan sharhi suka zaga a 1982

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya.

A fadarmu ta shayi nan Zinder gardama ta kaure, wani yaro ya ce duk fim ɗin da bai kawo kuɗi ba to banza ne, shi ya sa na ce bari in rubuto muku kan fim ɗin The Thing na darakta John Carpenter. Sabon zubi ne na wani tsoho na 1951, labarin wata halitta daga sararin sama da ta faɗa wa masu bincike cikin ƙanƙarar Antatika, tana haɗiye mutum ta ɗauki kamanninsa, har ta kai ana zafafa waya a tsoma cikin jinin kowa don a gane wane ne mutum.

Da ya fito a Amurka a watan Yunin 1982 'yan sharhi sun yi masa kaca-kaca, wai ƙazanta ce kawai da ban ƙyama. Dalar Amurka miliyan 15 aka kashe, da ƙyar ya kawo wajen miliyan 20 a sinima, ga kuma fim ɗin E.T., shi ma labarin baƙon sama, ya riga shi fitowa da sati 2, mutane sun saba da baƙon sama mai ban tausayi, wa zai biya kuɗi ya ga kare yana tsagewa? Kaset ɗin bidiyo da tele ne suka farfaɗo da shi, yanzu cikin manyan finafinan tsoro ake lissafa shi, har an yi wani a 2011 da dabarun kwamfuta, ni dai wallahi bai ba ni tsoro ba.

Don Allah ku riƙa kawo mana sharhin irin waɗannan.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Birni, Zinder