Zuwa ga ɗana mai sharhin ƙwallo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mutanen gida duk suna nan ƙalau.

Ranar Lahadi na saurari sharhinka na wasan Pillars da Enyimba tun daga farko har aka tashi. Ka san tun da idona ya yi rauni ban ƙara taka filin wasa na Sani Abacha ba, rediyon nan ce ta rage mini. Abin da ka faɗa shi na gani, wanda ka tsallake kuwa ya wuce ni ke nan.

Ina zaune kan tabarma a ƙofar gida, sai ga mai shayin layinmu ya tsuguna ya ce, "Malam, nawa da nawa?" Na ce bari mu ji daga bakin yaron. Muka yi ta jira har shayin da ya zuba mini ya huce, ba ka faɗi ci ba, ba ka faɗi minti ba. Ba kowa ne ya fara wasan tare da kai ba. Wani yanzu ya fito daga masallaci, wani yanzu ya kunna rediyon mota. Ka riƙa maimaita musu a kai a kai, ba gajiyawa.

Haka nan "yana tafe, yana tafe!" Wa ke tafe? Ta dama ko ta hagu? Ya ƙetare tsakiya, ko har ya shiga da'irar mai tsaron gida? Ihunka idan ƙwallo ta shiga raga ya yi mini daɗi, amma da ka numfasa ka gaya mini wa ya ci, wa ya ba shi, da ka ne ko da ƙafa.

'Yan wasan baƙi kuwa da lamba ka yi ta kiran su. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004 ta wuce a ce mata "mai lamba tara". Ka isa fili da wuri, ka karɓi jerin sunaye, ka sami wani daga cikinsu ya furta maka, ka rubuta yadda kunnenka ya ji.

Wanda ya fi damuna shi ne alƙalin wasa. Ni na koya maka "Sai Masu Gida", ni na riƙa kai ka fili a 2008, shekarar da Pillars ta fara cin kofin gasar ƙasa. Amma da ya hana bugun daga kai sai mai tsaron gida ka ce an zalunce mu, gabana ya faɗi. Akwai matasa a cikin filin da rediyo manne a kunne, kuma na taɓa ganin inda kalma ɗaya ta jawo ruwan duwatsu. Faɗi abin da idonka ya gani, ka bar mana hukunci.

Mahaifiyarka ta ce ta ji muryarka ta dishe bayan hutun rabin lokaci. Ta ba ƙanenka zuma da citta ya kawo maka, ka riƙa sha da ruwan ɗumi. Lahadi mai zuwa ina nan kan tabarmata da ƙarfe huɗu.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.