Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025: Tallafa wa Mawaƙa Masu Tasowa Su Tsallaka Iyaka

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kwamitin zartarwa ya ɗora mini alhakin gabatar muku da bayanin ayyukan da muka gudanar a shekarar 2025. Lissafin shige da ficen kuɗi yana cikin takardar ma'aji, ba zan maimaita shi a nan ba.

Wasu daga cikinku sun yi ƙorafi cewa bana ƙungiya ta rage shirya wasanni, ta koma zaman cike takardu. Gaskiya ne, kuma da gangan aka yi. Waƙa a yau ba ta jiran kowa ya kai ta wata ƙasa. Yaro zai ɗora baiti ɗaya a TikTok da daddare, kafin mako ya zagayo ana rawa da shi a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Abubuwa biyu ne har yanzu ke maƙalewa a kan iyaka: shi kansa mawaƙin, da kuɗin waƙarsa. A kansu muka kashe mafi yawan ƙarfinmu.

Kuɗin kuwa akwai su. Rahoton da ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, ta fitar a watan Maris ya nuna cinikin waƙoƙin da aka naɗa ya kai dala biliyan 29.6 a 2024, kuma kashi 69 cikin ɗari daga sauraro ta intanet ya fito. Yankin Afirka kudu da Sahara ya ƙaru da kashi 22.6, ya haura dala miliyan 100 a karon farko. Ci gaba ne, amma a ɗora miliyan 100 kusa da biliyan 29 a ga inda muke. Kuma ko a wannan ɗan kason, Afirka ta Kudu ce ke kwashe mafi tsoka.

Rajistar waƙa da rabon haƙƙi

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokacinmu. Mun yi zaman bita ta intanet, mun kuma bi mambobi ɗaya bayan ɗaya muna duba yadda waƙoƙinsu suke a manhajoji. Abin da muka tarar bai yi daɗi ba. Da yawa ba su san cewa kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta ba: na wanda ya tsara baitoci da karin, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa a situdiyo. Na farko ƙungiyoyin tattara haƙƙin mallaka ne ke karɓo shi, irin su MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar da GHAMRO a Ghana, su kuma suna da yarjejeniya da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Na biyu ta hannun kamfanin da ke rarraba waƙa a manhajoji yake zuwa. Wanda bai yi rajista da ƙungiya ba, ko an yi shekara ana sa waƙarsa a rediyon wata ƙasa, babu inda za a aika masa ko sisi, domin babu sunansa a littafin kowa.

Ga misali ɗaya, da izinin mai abin, ba tare da suna ba. Wata mamba ta fitar da waƙa ta WhatsApp kawai, ta karɓu sosai a maƙwabciyar ƙasa. Da muka bincika sai muka iske wani ya riga ya ɗora ta a manhajoji da sunansa, ya ɗan ƙara mata sauri, ya canza hoton bango, har an ba ta lambar ISRC, wato lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12 da ake bai wa kowane sauti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya cece ta shi ne furodusanta bai goge asalin aikin daga kwamfutarsa ba, murya daban, kiɗa daban, da ranar da aka yi kowanne. Da wannan hujjar aka sauke na bogin. Kuɗin da ya riga ya kwasa kuwa sun tafi.

Daga nan muka fitar da takardar rabon kaso mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci da Faransanci. Ana rubuta sunan kowa na fasfo, ba na fage kaɗai ba, da abin da ya yi a waƙar, da kasonsa cikin ɗari, kowa ya sa hannu kafin a bar situdiyo. Wasu sun ce abin da nauyi, kamar ana zargin aboki ne. Mun fahimta. Sai dai duk rigimar da ta zo gaban kwamitin sulhu a bana, tsakanin abokai ta faru, kuma bayan waƙa ta yi kasuwa.

Akwai ƙa'idar da ya kamata kowa ya sani. Tun watan Afrilun 2024, manhajar sauraron waƙa ta Spotify ba ta biyan kuɗin sauti a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin watanni 12 ba. Kuma sauraro ba darajarsa ɗaya ba: kowace ƙasa da tukunyar kuɗinta, gwargwadon abin da mutanenta ke biya a wata da tallan da ake samu. Shi ya sa mai sauraro ɗaya a Ingila ko Kanada kan rinjayi da yawa a ƙasar da kuɗin da ake biyan manhajar a wata ke da araha. 'Yan'uwanmu mazauna waje kasuwa ce babba da muka daɗe muna wa riƙon sakainar kashi. Muna kuma sake gargaɗi kan masu sayar da sauraron bogi. Manhajojin suna ganewa, kuma sauke waƙa suke yi.

Haɗa mawaƙa daga ƙasashe daban-daban

Shirin haɗin gwiwa ya ci gaba. Mukan haɗa mawaƙi da furodusa ko makaɗi na wata ƙasa, su yi ta aika wa juna aiki ta intanet har waƙa ta kammala. Waɗanda suka fi yin armashi su ne inda aka bar kowa da harshensa da salonsa. Inda aka matsa wa yaro ya kwaikwayi abin da ake yayi, waƙar takan fito sumul amma babu mai tuna ta. Cikas ɗin da ya fi damun mu biyan kuɗi ne: wannan naira gare shi, wancan sefa, na uku sidi, kamfanin rarrabawa kuma da dala yake biya cikin asusun mutum ɗaya. Yanzu muna ba da shawarar a zaɓi kamfanin da ke raba kuɗin kai tsaye, kowa nasa ya faɗa asusunsa.

Tafiye-tafiye

Mun taimaka wa mambobi cike takardun neman gurbi a kasuwannin baje kolin waƙa, inda masu shirya bukukuwa ke zuwa neman sabbin fuskoki: Visa For Music da ake yi a Rabat tun 2014, Sauti za Busara a Zanzibar, MASA a Abijan mai zuwa duk bayan shekara biyu, da WOMEX wanda bana aka yi a birnin Tampere na ƙasar Finlan. Darasin da muka koya daga masu tantancewa shi ne bidiyon wasa kai tsaye suke so, da makaɗa a fage, ko da waya aka ɗauka. Mai bin sautin kwamfuta da baki ba ya wucewa, komai yawan mabiyansa.

Samun gayyata rabin aiki ne. Kuɗin bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, kuma ba a mayarwa idan an hana. Amurka ma daga Afrilun 2024 ta ɗaga kuɗin takardar neman izinin masu wasa daga dala 460 zuwa sama da 1,000, ban da lauya. Wata tawagarmu ta samu gayyata da masauki da tikiti, wani ofishin jakadanci ya ba mawaƙin biza ya hana makaɗansa biyu, wai babu tabbacin za su dawo. Tafiyar ke nan da ba a yi ba. Matashi marar aure, marar albashi a banki, shi ne ainihin mawaƙi mai tasowa, kuma shi ne ainihin wanda ake hanawa.

Saboda haka kwamiti ya karkata ga zagayen cikin yanki. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgar 'yan ƙasashen har sai an sake sanarwa. Muna bibiyar lamarin. Fasfo mai hatiman shiga da fita, ko na maƙwabta ne, yana ƙara wa mai neman biza nauyi a gaba.

Ƙirƙirarriyar basira

An yi zazzafar muhawara a kan wannan. A watan Afrilu Deezer, kamfanin manhajar sauraron waƙa, ya ce waƙoƙi sama da 20,000 da na'ura ta ƙera ake ɗora masa kullum, kashi 18 cikin ɗari na duk abin da ke shigowa. Binciken da CISAC, gamayyar ƙungiyoyin tattara haƙƙin mallaka ta duniya, ta fitar a Disambar 2024 ya yi hasashen masu ƙirƙirar waƙa na iya rasa kashi 24 na kuɗin shigarsu nan da 2028. Manyan kamfanonin waƙa sun kai Suno da Udio, masu manhajojin ƙera waƙa da na'ura, kotu a Yunin 2024, kuma a ƙarshen bana wasunsu sun fara sasantawa. Su suna da lauyoyi da abin ciniki. Mambanmu ba ya kan wannan teburin.

Ra'ayina, ba na kwamiti ba, shi ne furodusoshi masu sayar da kiɗa da masu yin waƙar talla za su riga kowa jin jiki. Mai iya tsayawa gaban jama'a ya riƙe su awa guda da muryarsa yana da sauran nisa. Matsayar da aka cimma ita ce ba mu hana kowa amfani da waɗannan manhajoji ba, amma dole a bayyana, kuma kada mamba ya sa hannu a kwangilar da ta ba wani damar kwaikwayon muryarsa sai lauyan ƙungiya ya gani.

Abin da ke gabanmu

Shigar mata cikin shirin tafiye-tafiye ya yi ƙaranci idan aka kwatanta da yawansu a ƙungiya, kuma wakiliyar mata za ta kawo shawarwari. Kuɗin wata-wata ma ba ya shigowa yadda ya kamata, masu bashi sun san kansu.

A babban taro za a kaɗa ƙuri'a kan abu biyu: buɗe asusun rance na kuɗin biza da fasfo, wanda za a biya bayan an dawo, da kuma sharaɗin cewa ƙungiya ba za ta tallata waƙar da ba ta da takardar rabon kaso ba. Duk mai gyara ko ƙari ya miƙa wa sakatariya a rubuce kafin ranar taron, ya kuma zo da jerin waƙoƙinsa da lambobinsu na ISRC, domin za a ci gaba da rajista a wurin.

Wassalam.

Sakatare,
a madadin Kwamitin Zartarwa